Yadda Na Watsa Kasuwa Saboda Motar Baba Ishaku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa kasuwa guda ta watse da gudu ba, da rana tsaka, a kan hanyar Kachia zuwa Kaduna. Na sha ƙoƙarin mantawar, ba ta yiwu ba. In ina kwance abin ya faɗo min a rai, har yanzu sai in ja zani in rufe fuskata, ko da ni kaɗai ne a ɗakin.

Sana'ata gyaran firij. Ina da ɗan shago a Kafanchan, kusa da tashar mota, kuma mutane suna kira na Injiniya (ban taɓa hana su ba). A lokacin ina neman auren Rifkatu, malamar firamare ce, muna coci ɗaya. An riga an yi gaisuwar iyaye, an kai abin da ake kaiwa, saura sa rana. A nan maganar ta tsaya cak, domin mahaifinta, Baba Ishaku, duk lokacin da kawunnaina suka je sai ya ce musu yana addu'a a kai. Baba Ishaku tsohon direban jirgin ƙasa ne, dattijo ne kuma a ikkilisiya, dogon mutum mai ƙarancin magana. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin rake. In na je gidan na durƙusa na gaishe shi, amsarsa ba ta wuce "Yauwa", sannan ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

To, a shekarar ne ya sayi wata mota da ta zama abin kallo a unguwa. Irin motar nan ce ta Turawa ta tafi-da-gidanka, tsohuwa, an shigo da ita ta Kwatano. A cikinta akwai gado, da tebur, da kujeru, da ɗan wurin wanke kwanuka, da murhun gas mai kai biyu. Iyalinsa duk sun ce ɓarnar kuɗi ce. Shi kuwa ya ce ya yi rabin rayuwarsa yana kwana a cikin abin da ke tafiya, tun da ya yi ritaya barci bai yi masa daɗi ba.

Komai na motar yana aiki, ban da murhun. Wata Lahadi bayan sujada ya tsayar da ni a ƙofar coci, karo na farko da shi ya fara yi min magana, ya ce, "Injiniya, ba kai kana aikin gas ba? Ka zo ka duba min na motan nan."

Gas ɗin firij daban, gas ɗin girki daban, ko kusa ba su haɗa hanya ba. Na san haka sarai. Amma mutumin da ke riƙe da ranar aurenka bai cancanci lacca a ƙofar coci ba. Na ce, "Ba damuwa, Baba, ƙaramin aiki ne."

Washegari na je na duba. A bayan motar, ta waje, akwai wani ɗan akwati mai ƙofa inda ake ajiye tukunyar gas, daga nan tiyo yake bi ta wata kafa ya shiga ciki zuwa murhun. Regiletan da motar ta zo da shi (wato abin da ake ɗorawa a kan tukunya don ya rage ƙarfin gas kafin ya isa murhu) na ɗaurawa ne da sifana, bakinsa bai dace da tukwanenmu na nan ba. Tiyon kuwa ya bushe ya yi tauri, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ko'ina kamar diddigen manomi. Na gaya wa Baba dole a canza su duka biyun. Ya ce wani ya ba shi shawara a naɗe tsohon da robar tayar babur a ɗaure tam. Na ce ya yi haƙuri, ban da wannan. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to.

Ban ɗauki aikin da wasa ba, wannan kam ina so a rubuta min shi. Na kwashe kwanaki ina karatu a waya. Sannan na tafi shagon Malam Sabi'u mai kayan gas a cikin kasuwa, wanda nake gyara wa firjin gidansa. Ya zube min regileta iri biyu a kan tebur. Akwai babba mai abin murɗawa, na masu dafa abincin biki da manyan murhu, wanda ke sakin wuta kamar ta maƙera. Akwai kuma ƙarami mai sanyin ƙarfi, na danna-ka-kulle, irin na girkin gida. Ƙaramin na ɗauka, domin murhun motar ɗan ƙarami ne, in ka ba shi babban sai harshen wuta ya lashi rufin. Na zaɓi tiyo mai ruwan lemo, mai zare a cikin jikinsa, na duba shekarar da aka buga a kai don kada a ba ni wanda ya tsufa a shago. Na haɗa da kilif biyu na matse bakin tiyo, na ƙarfe masu kusa, na ƙi na waya.

Da a nan muka rabu da Malam Sabi'u, da watakila ba ni da labarin bayarwa. Amma ina shirin tafiya ya ce in dakata in ga wani abu. Ya ciro waya ya shiga nuna min bidiyon tukwanen gas da suka fashe, ɗaya bayan ɗaya, yana yi min bayani kamar mai sharhin ƙwallo. Wannan kicin ne, wannan shago ne, wannan kuma mota ce irin ta surukinka, dubi yadda rufin ya tashi sama. Ya ce shi gas ba ya gargaɗi sai da abu biyu, wari da tsaki. "In ka ji su tare, Injiniya, kada ka tsaya neman takalmi." Na fito daga shagon da kaya a leda, da wani abu kuma a ƙirjina wanda ban saya ba.

Na ɗaura komai yadda ya kamata. Na yanke tiyon daidai tsawon da ake buƙata, ba ja ba lanƙwasa, na nisanta shi da zafin murhu. Na matse kilif a kowane baki. Na tsayar da tukunyar a miƙe na ɗaure ta da bel. Na share ramin iskan da ke ƙasan akwatin, wanda gizo-gizo da laka suka toshe, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ta ƙasa yake neman hanya. Sannan na kaɗa ruwan sabulu na shafa a duk mahaɗa ina jiran kumfa. Babu ko ɗigo. Na sake shafawa. Na kuma sakewa, har Rifkatu ta leƙo ta tambaye ni ko wanka nake yi wa tukunyar. Da na kunna murhun, wuta ta fito shuɗiya, lafiya lau.

Kafin in tafi na kafa wa Baba doka biyu, cikin ladabi. Ta farko, a kashe regileta duk lokacin da mota za ta yi tafiya. Ta biyu, kada a ajiye komai a akwatin nan sai tukunyar kaɗai. Ya ce, "Na ji." Har ya sa aka kawo min kunu. Na koma gida ina jin kamar an riga an ɗaura auren.

Bayan 'yan makonni aka tashi bikin ɗan yayansa a Mararaban Rido, Baba ya ce da motarsa za a je. Shi ne direba. Fasinjoji kuwa matan zumunta ne na cocinmu, cikin anko, da matar fastonmu wadda kowa ke kira Mama Pasto, sai Rifkatu, sai ni. An gayyace ni ne a matsayin mai kula da gas, saboda an shirya za a tsaya a hanya a dafa shayi don kowa ya ga amfanin motar. Da sassafe na zo na duba akwatin, na kashe regileta da hannuna, na rufe ƙofar. Daga nan aka aike ni in ɗauko kulolin abinci daga gidan Mama Pasto. Na dawo na tarar an gama loda kaya, aka yi addu'a, muka kama hanya.

An ba ni kujerar can baya, jikin murhu, daidai saman akwatin gas ɗin. Har muka wuce Zonkwa lafiya, mata suna ta waƙoƙin sujada, ɗaya tana kaɗa ƙaramar ganga. Bayan Kachia rana ta buɗe sosai, motar ta yi zafi, tagoginta biyu ne kawai ke buɗuwa. Waƙa ta mutu, wasu suka fara gyangyaɗi.

Kafin a kai Kasuwan Magani akwai wani shingen sojoji, kuma a gefensa wata 'yar kasuwa ta tsiro a bakin titi, irin wadda ke tsirowa duk inda motoci ke tsayawa. Ranar layin ya yi tsawo. Baba ya gaji da taka birki, ya kashe injin. Da ƙarar injin ta ɗauke, sai na ji shi.

Tsssss.

Siriri ne ƙwarai, daga ƙarƙashin kujerata. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Na ce wa kaina taya ce. Na ce wa kaina ƙwaro ne. Na sunkuya kamar mai gyara igiyar takalmi, na kai hancina kusa da kafar da tiyo ya bi, sai wani wari mai tsami ya bugo ni, mai nauyi, kamar abin da ya ruɓe a rufe. Duk bidiyon Malam Sabi'u suka dawo min a jere, har da muryarsa.

Na ɗago na duba ta taga. A daidai gefen motar, tazarar da ba ta fi a miƙa hannu ba, wata mata tana suyar ƙosai a kan wutar itace. Gaba kaɗan mai gasa masara yana fifita garwashi, tartsatsi na tashi. A bayanmu wani direban tirela ya sauko yana laluben aljihu, da sigari a bakinsa. Ga kuma Baba da hannunsa a kan makulli, yana jiran layi ya motsa ya tayar da injin. Na san na kashe regileta. Amma ramukan hanyar Kachia za su iya girgiza komai, kuma wa ya sani ko bakin tukunyar ne da kansa ya saki? Idan na yi magana kuma ba komai, na zama abin dariya. Idan na yi shiru kuma akwai komai, ni ne na ɗaura, ni ne na kashe matan zumunta da matar fasto da matar da zan aura.

Na taɓa Rifkatu, na raɗa mata ta saurara. Ta saurara. Ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska, ta dube ni, idanunta suka canza. Da ta ce ba ta ji komai ba, da na haɗiye tsorona. Amma ta ji. A hankali ta ce, "Gas ne?"

A daidai lokacin motar gabanmu ta motsa, na ga kafaɗar Baba ta yunƙura zai murɗa makulli.

Niyyata in yi magana a natse, kamar ƙwararre. Abin da ya fito daga bakina, da wata murya da ban san ina da ita ba, shi ne: "Baba kada ka tayar! Kowa ya fita, za ta fashe!"

Yankinmu ba wurin da ake faɗin kalmar nan ba ne a bainar jama'a. Mutane sun ga abubuwa, kunnuwansu a buɗe suke kullum. Matan zumunta suka yi ƙofa gaba ɗaya, suna kiran sunan Yesu. 'Yan kasuwa suka ga mata cikin anko suna tsalle daga wata baƙuwar farar mota suna cewa za ta fashe, ba wanda ya tsaya tambayar mece ce za ta fashe. Mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta. Tiren lemo da na gyaɗa suka kife. Fasinjojin motocin da ke layi suka ɓalle ƙofofi suka bazama cikin gonakin da ke gefen hanya. Na ga wani mai babur ya yar da babur ɗinsa yana gudu da ƙafa, hular kwano a kansa. Mama Pasto, wadda ke fama da ciwon gwiwa har sai an riƙe ta take hawa matakalar coci, ta tsallake lambatu ba tare da ta taɓa kowa ba. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar titi ina ɗaga hannuwa ina ihun a kashe wuta, a kashe wuta, wanda ya ƙara rikita mutane, domin wasu sun ji kamar ina cewa an buɗe wuta.

Cikin ɗan lokaci wurin ya zama wayam. Sai sojoji, waɗanda su ba su gudu ba. Sun ja baya sun kakkama wuri, bakin bindigoginsu duk yana kallon mutum ɗaya. Aka yi min tsawa in durƙusa in ɗora hannu a ka. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Babbansu, wani mai faɗin kafaɗa, ya tambaye ni daga nesa me ke cikin motar. Na ce gas ne na girki, yallaɓai, yana zuba. Ya ce wa ya saka shi a ciki? Na ce ni ne. (Ban taɓa jin amsa ta gaskiya ta yi muni a kunne irin wannan ba.) Baba Ishaku, wanda shi kaɗai ne ya sauko daga motar da tafiyarsa ta kullum, ya matso yana bayani cewa motarsa ce, biki za mu je, yaron nan mai gyara ne. Sojan ya saurare shi, sannan ya nuna ni da haɓa.

"Tunda kai ka saka, kai za ka je ka kashe. Tashi."

Tafiyar daga inda na durƙusa zuwa bayan motar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Man ƙosai yana ta ƙonewa a kaskon da aka bari, hayaƙi na tashi, na ɗebi ƙasa da hannu na zuba a wutar kafin in wuce. Daga cikin gonaki ɗaruruwan idanu suna bina. Na jiyo muryar Rifkatu tana addu'a da yarensu. Da na isa ƙofar akwatin, tsakin ya fi ƙarfi, warin kuma har cikin maƙogwaro. Na furta addu'ar Ubangiji, na kai rabi na manta sauran. Na kawar da fuskata gefe, na murɗa maɓallin a hankali, na buɗe.

Tukunyar gas tana nan a tsaye cikin bel ɗinta. Regileta a kashe, yadda na bar shi. Tiyo lafiya, kilif lafiya. A gefenta kuma, an cusa ta da ƙarfi a ɗan sararin da ya rage, an lulluɓe da tsohon buhu, wata farar jarka ce ta kumbura ta yi tim kamar cikin akuya. Farin kumfa yana fitowa ta gefen murfinta yana gangarowa.

Tsssss.

Bammi ne. Sabon bammi da ya sha zafin rana da girgizar hanya tun daga Kafanchan.

Na daɗe a tsugune ina kallon jarkar. Da gaske na yi tunanin in ce gas ne, na kashe, in rufe ƙofar kowa ya huta. Amma sojan ya riga ya iso bayana yana leƙe. Ya sa hannu ya jawo jarkar, ya sassauta murfin, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta fesa masa kumfa a takalmi. Ya shinshina. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya faɗa da Turancin buroka cewa ga bam ɗin nan, a fito.

Mutane suka fara fitowa daga gonaki, da ƙaiƙayi da ƙasa a jikinsu. Dariya ta fara daga wajen direbobin tirela, ta bazu. Amma ba kowa ke dariya ba. Mai ƙosai tana kallon kaskonta da ya ƙone. Matan zumunta sun taru a gefe guda, ɗankwalaye a karkace, Mama Pasto a gabansu da takalmi ƙafa ɗaya. Cocinmu ba ya wasa da maganar giya, ko a biki ba a yarda a gan ta ba. Kuma a cikin dattawan, babu wanda ya kai Baba Ishaku zafi a kan wannan.

Sojan ya ajiye jarkar a kan kwalta, ya ce, "Na waye?"

Kowa ya shiga kallon na kusa da shi. Ni dai na san mutum biyu ne ke da makullin akwatin nan, ni da Baba. Na saci kallon Baba. Yana tsaye ƙiƙam, hannuwa a baya, yana duban wani tsauni can nesa kamar yau ya fara ganinsa. Amma na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, na ga zufa tana bin gefen kunnensa. Mama Pasto ta fara juyowa wajensa a hankali, tunda motarsa ce.

Na ji bakina ya ce, "Nawa ne, yallaɓai."

Har yau ban san ko tausayi ne ko lissafi ba. Watakila na ga cewa na riga na nutse, ƙarin guga ɗaya ba zai canza komai ba. Sojan ya dube ni sama da ƙasa. Ya tambaye ni, wato ni na ɓoye bammi, ni na manta, ni kuma na ji tsakinsa na tayar da hankalin gari? Na ce haka ne. Ya tambaya ko na ɗan taɓa kafin mu taso. Na ce a'a. Babu wanda ya yarda, har da mai gasa masara.

Hukuncin da aka yanke min shi ne in bi 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya in ba su haƙuri, in kuma tattara abin da ya zube. Na tsinci lemo a ƙarƙashin motoci, na tayar da babur ɗin mai hular kwano, na wanke wa mai ƙosai kasko tana tsaye a kaina tana faɗa min abin da take tunani game da tarbiyyata. Da na gama, Mama Pasto ta ce saura abu ɗaya: da hannuna zan zubar da abin nan a lambatu, a gaban kowa, don Shaiɗan ya ji kunya. Na tuntsurar da jarkar. Bammin ya yi ta bulbulowa, fari sol, ƙamshinsa ya cika wurin. Mata suna cewa amin. Na ɗago ido na ga Baba yana kallon lambatun da irin fuskar da ake raka gawa.

Sauran tafiyar ba a yi waƙa ba, ba a kuma dafa shayi ba. Mama Pasto ta sa aka dawo da ni kusa da ita, ta riƙe hannuna har Mararaban Rido tana yi min addu'ar kuɓuta daga sarƙar maye. Da muka sauka, Rifkatu ta same ni. Ta ja ni bayan motar, ta ce ta san ko maltina mai sanyi tana sa ni tari, balle bammi. Na ce ta bar maganar. Ta dube ni, ta dubi mahaifinta da ke can yana gaisawa da yayansa, wani tsoho da ke ta leƙen bayan Baba kamar mai jiran saƙo. Sai ta toshe bakinta da gyale, kafaɗunta suna rawa, ta kasa tsayawa sai da ta jingina da motar.

Labari ya riga mu komawa Kafanchan. Sati na zagayowa aka kira ni gaban dattawan ikkilisiya, kuma a cocinmu wanda aka sa a horo ba a ɗaura masa aure sai ya gama. Na shiga ofishin fasto, na tarar da su a jere, Baba Ishaku a tsakiya da Littafi Mai Tsarki a kan cinya. Aka karanta min ayoyi. Aka tambaye ni tun yaushe na fara. Na ce wannan ne karo na farko, kuma na ƙarshe. Wani dattijo ya kawo shawarar a mayar da ni bencin baya na wasu watanni, don matasa su ɗauki darasi. Fasto ya juya ya ce, Baba Ishaku, kai abin ya fi shafa, me ka gani?

Baba ya gyara murya. Ya ce shi ya yi addu'a a kan lamarin sosai. Ya ce jarabar nan ba ta bar babba ba balle yaro, kuma wanda ya amsa laifi a gaban bindiga ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce a ganinsa abin da yaron nan yake buƙata shi ne mace a gida da za ta sa masa ido, saboda haka ya sa ranar aure, wata mai zuwa. Dattawa suka jinjina kai suna yaba haƙurinsa. Har wani ya ce da duk surukai haka suke.

Da muka fito ya kira ni gefe, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na ɗauka zai yi godiya, ko ya ba ni bayani. Sai ya ce, "Aikin gas ɗinka ya yi kyau. Ko kaɗan bai zuba ba." Ya juya ya tafi. Maganar ke nan, ba mu sake tayar da ita ba, ga shi har mun ba shi jikoki.

Abin da na koya kuwa, ga duk mai son ɗaura gas a mota: ka sayi regileta daidai da murhunka, ka sayi tiyo na gaske, ka matse kilif, ka gwada da ruwan sabulu. Duk wannan yana cikin waya, kowa zai iya karantawa. Abin da ba su rubuta ba shi ne, in ka gama, ka karɓe makullin akwatin daga hannun dattijon coci, musamman wanda ya ce maka "Na ji" da sauri.